Hindu Ta Ga Raƙuman Dawa

"...da gajiyar hanya? Ko da yake ina ke ina gajiya, an ɗauke ki kamar buhun albasa an kai an maido."

"Gajiya ta bi lahiya, bawan gidanmu. Matso in gan ka da kyau. Ashe haka kake da muni, shekara da shekaru ina gaisawa da kai ban sani ba?"

Dogo ne ya shigo yi wa taubashiyarsa Hindu barka da dawowa a gidanta na Dogarawa. Ɗan kawunta ne, tsohon direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar siminti daga Malbaza. Ita kuwa jikanta Imrana ne ya kai ta Yamai da motarsa, aka cire mata yanar ido. Dogo ma yanar ta rufe masa ido har ya fara laluben bango, amma ya rantse babu likitan da zai taɓa shi. 'Ya'yansa sun yi lallashi har sun gaji.

Ya laluba tabarma ya zauna, ya ce yanzu gari ya shiga uku, tunda wadda ba ta taɓa wuce kasuwar Ƙonni ba ta ga birni. Ya ce shi babu ramin da ke kan hanyar Yamai wanda bai san shi da suna ba.

"Ramu ka sani," in ji Hindu. "Ni ƙasa na gani. Ka taɓa ɗaga kai ka dubi Dogon Dutsi?"

"Ni za a tambaya? Ai sunana anka sa mishi."

"Shi ya sa yake zaune wuri guda, ba ya da aikin yi."

Ta gyara zama ta shiga ba shi labari. Da tafiya, ta ce, ba ta ga komai ba sai hazo da ƙarar mota. Amma ranar da aka kwance mata ido, Imrana ya hau da ita gadar kogi, ta ga ruwa shimfiɗe har iyakar gani, da masunta cikin jiragensu. Sai da ta sa ya juya suka sake hayewa. Ya kuma kai ta gidan namun daji, inda ta ga dorina ta wage baki tana hamma, ta ce wa mutanen wurin su yi hankali, ɗan kawunta ne, yunwa yake ji.

Dogo ya ce ruwan nan shi ya sha wanke mota da shi tun ba ta san hanyar rijiya ba.

"To raƙuman dawa na Kure hwa?"

"Na sha ganinsu. Guda ma har na rage mishi hanya zuwa Doso."

"Wane launi gare shi?"

Dogo ya ce launin raƙumi mana.

Hindu ta yi dariya har tana share hawaye da gefen zane. Ta ce a bakin hanya Imrana ya tsaya, ga su nan suna cin ganyen saman itace, uwa da ɗanta. Jikinsu zane-zane kamar an yi musu lalle, gashin idonsu ya fi na amarya. Uwar ta sunkuyo ta dube ta, ita ma ta dube ta, babu wadda ta ƙifta. Ta ce a ranar ta san ƙasarsu ba ƙaramar ƙasa ba ce, kuma ita Hindu ta gan ta da idonta, ba a bakin maƙaryacin direba ta ji ba.

"Kai ka bi hanyar nan sau ba adadi, kana ta sauri kar a kama ka da lodi. Yanzu ga lokaci, ga jika mai mota, amma tsoro ya hana. Namiji guda, wai direban daji."

Dogo ya daɗe yana murza sandarsa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Hindu, tsakaninki da Allah, da zahi?"

"Bai kai hudar kunne ba. Kuma wannan tun ina goye anka yi mini."

"In ba ta yi ba hwa?"

"Mi za ka rasa? Jiya an ce ka gaida turmi ka ce sannu da aiki."

Dariya ta kuɓuce masa. Ya ce turmin ya fi ta amsa gaisuwa da ladabi. Ya dogara sanda ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ki hwaɗa ma Imrana ya aje mini gaban mota, ni ba na zama baya kamar kaya. Kuma ya tsaya Kure."

"Ka yarda ke nan na hi ka yawon duniya?"

"Na yarda, uwar ɗakina, har zuwa ranar da zan dawo. Amma ki sani, in na buɗe ido na tarar haka kika tsuhwa, komawa zan yi a maida mini yanata."