Ranar da Na Ƙona Fitilar Kifin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na haɗa wa surukina fitilar kifi, ni malamin kimiyya guda a wata sakandare a Batsari, mai ji da kansa kamar shi ya ƙirƙiro lantarki.

Baffa, mahaifin matata Hajara, makiyayi ne a wajen Zakka. Shekarar da ɓarayi suka kore masa shanu ya dawo cikin garin Safana, ya shige ɗaki ya yi shiru. Ba ciwo, ba ƙorafi, abinci ma sai an yi da gaske. Abin ya dame mu ƙwarai. Hajara ce ta ce, "Malam, mutumin nan abin kiwo ya rasa." Ni kuma da rawar kaina na tafi Katsina na sayo akwatin gilashi da kifaye tara masu launi da ciyawar ruwa. Mai sayarwa ya ce ciyawar sai da haske mai ƙarfi, ɗakin Baffa kuwa ko da rana duhu ne dunɗum.

Na samo ƙananan ƙwayayen fitila na LED masu ƙarfi goma sha biyu, na jera su layi uku, huɗu-huɗu, duk suna sha daga na'ura ɗaya mai turo wutar da ta ishi layi uku. Ƙa'ida ita ce a sa wa kowane layi fiyus ɗinsa mai katse wuta in ta yi yawa, domin in ɗaya ya mutu, wutarsa kan sauran take komawa ta ƙone su. Na san wannan sarai (na ma taɓa kayar da ɗalibai a kansa a jarrabawa, Allah ya yafe mini). Amma na ce ai aikin hannuna ba ya mutuwa.

Ga wani abu kuma. Shekara shida da aurenmu, in ban da gaisuwa, Baffa bai taɓa yi mini magana baki da baki ba, ni ma ban taɓa kallon idonsa ba. Kunyar surukai ce irin ta Fulani, komai sai ta bakin wani.

Da hantsi na ɗora fitilar a kan akwatin, na durƙusa a gindin teburi na jona batirin sola. Ɗaki ya haske tar. Baffa yana zaune a bakin gado, fuskarsa daidai da gilashin, don haka na kafe idona a tabarma. Can na ga hasken ya ɗan girgiza.

"Daidaita kansa yake yi," na shaida wa tabarma cikin gadara.

Ashe layi ɗaya ne ya mutu, kuma Baffa ya gani. To amma ya zai faɗa wa suruki? Sai ya yafito Inna, matarsa, ya raɗa mata. Inna ta fita madafi neman Hajara. Hajara ta wanke hannu, ta nemo mayafi, ta zo bakin ƙofa ta yi sallama.

"Malam, wai Inna ta ce Baffa ya ce layi ɗaya ya..."

Tas. Na biyu ya tafi, na uku ya bi shi, ƙaurin roba ya cika ɗakin. Na ji kamar in shige ƙarƙashin gadon. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na kawo wa dattijon nan abin farin ciki, ya mutu a gaban idonsa, shi da ya riga ya gaji da rashi.

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba. Baffa ne yake dariya, har da tari. Hajara ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

"Malam," ya ce, kuma da ni yake, ba da Inna ba. "Tun da na ga ɗayan ya mutu sauran suka ƙara haske, na san sun ɗauki kayan da ba nasu ba. Haka shanun huɗa suke yi in ɗaya ya kwanta. Ka dawo jibi. Kai ka duba ƙasa, ni in duba sama. In na ga wani abu, da bakina zan faɗa maka."

Na dawo da sababbin ƙwayaye da fiyus uku, shi ya riƙe mini wayar wuta ina haɗawa. Yanzu kullum da safe sai ya ƙirga kifayensa, kowanne da sunan wata saniyarsa da aka kore, ya kuma kira ni a waya in ɗaya ya ƙi cin abinci.

Na koyi cewa kowane layi da fiyus ɗinsa, kuma lantarki ba ya jiran saƙo ya bi ta bakin mutum uku. Amma da na yi aikin daidai tun farko, da har yau ni da Baffa gaisuwa kawai muke yi.