Fiyus ɗin Baba Kyaftin

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida mahaifin Bilkisu a Karu ba, ko da yake wallahi na yi iya ƙoƙarina in manta.

Shekararmu guda muna soyayya, abin da ya rage kawai babanta ya gan ni, ya ce ya ba ni ko ya hana. Tsohon soja ne da ya tsufa yana harba igwa, duk unguwa Baba Kyaftin ake ce masa. Ni kuwa na riga na cika wa Bilkisu kunne cewa ni ma jinin soja ne (mako uku na yi a sansanin bautar ƙasa, rabinsa a kwance da ciwon ciki). Har na taɓa ce mata ko gobara ce ta tashi, ni zan shiga in ɗauko ta. Allah ya shirye ni.

Muka taso daga Kuje ni da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya sha babbar riga. A falo na zube kan kafet, kai a sunkuye. Kun dai san mai neman aure: ba magana, ba haɗa ido, ba taɓa waya. To hannuwan nan fa, ina zan kai su? Kusa da ni kan ɗan tebur akwai wani ƙarfe mai tsini, girman kofin shayi, an danne takardu da shi, lambobi zagaye da wuyansa. Su Kawu na ta hira, na jawo shi a ɓoye na murɗa. Ƙas. Daɗi ya kama ni, na ƙara. Ƙas.

"A'a, ashe ka san shi," in ji Baba Kyaftin. "Dama Bilkisu ta ce kai ma namu ne."

"Eh to, Baba, kaɗan-kaɗan."

"Fiyus ke nan na harsashin igwa. A hancin harsashi ake ɗaura shi, shi ke gaya masa lokacin fashewa. Lambobin nan daƙiƙa ne. Nawa ka sa?"

Na duba. "Goma, Baba."

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba. Wurgi na yi da shi, ya faɗa cinyar Kawu. Daidai nan Bilkisu ta shigo da tiren zoɓo, na bangaje ta ina ihu, "Innalillahi! Ku kwanta!" Ban tsaya neman takalmi ba sai bayan tankin ruwa a tsakar gida. Na toshe kunne ina ƙirge. Na kai goma, shiru. Na kai talatin (na ce ko agogon soja daban ne). Da na cire yatsu, abin da na ji kawai dariyar tsohon nan, har da tari.

Komawa falon nan ya fi mini komai wuya. Ga Kawu jiƙe da zoɓo yana harara ta, ga Bilkisu tana tsince kofuna.

"Zauna, soja," in ji Baba yana share hawaye. "Na farko, wannan fanko ne, na koyar da kurata, babu komai a cikinsa. Na biyu, ko mai rai ne, murɗawa ba ta tada shi. A kulle yake, barci yake. Sai an harba, ya sha bugun fita daga igwa, ya yi ta juyi a iska, sannan makullansa su saki ya fara ƙirga. An yi shi haka ne don kada ya cinye mutanensa." Ya dubi Kawu, ya dube ni. "Kai kuwa ƙas biyu ta tada ka, kuma kan mutanenka ka fara sauka."

A raina na ce shi ke nan, Bilkisu ta wuce ni. Kunya kamar in nitse cikin kafet.

Sai Baba ya juya ga Bilkisu. "To, kin ga kayanki. Har yanzu kina so?"

Ta sunkuyar da kai tana danne dariya. "Baba, ai sai da ya ce mu kwanta kafin ya fita."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Na ga manya da ko wannan ba su yi ba. Malam Sale, ku dawo a sa rana."

Cikin kayan ɗakin amarya aka kawo fiyus ɗin, a naɗe da takardar kyauta. Yanzu haka yana kan teburin falonmu. Duk ranar da na fara cika baki gaban baƙi, sai Bilkisu ta miƙa hannu ta murɗa shi. Ƙas. Nan take nake canza hira. Kawu kuwa har yau ko goro na miƙa masa sai ya ja baya ya duba.

Abin da na koya: in ka je gidan surukai, cusa hannuwanka a aljihu. Alƙawarin shiga gobara kuma ka bar wa 'yan kwana-kwana.