Yadda Za Ka Ɓoye wa Surukinka Gaskiya da Gashin Tsutsa

Kai masanin halittun teku, an tura ka ka duba ko dattin gonar jatan lande ya ɓata mashigin ruwa, gonar kuma ta surukinka ce? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, tabbas sakamako ba zai taɓa fita daga bakinka ba. Tofazzal na garin Chakaria ya gwada, damina ta zo ta wuce yana ta kwasar kifin ilish duk Juma'a a gidan surukinsa Haji Mokbul, ba mai hararsa.

1. San abokin gabarka

Shi ne aikin gaggawa. A ɗebo laka, a tace a rariya, a ware tsutsotsin dangi-dangi, ba sai an bi kowace har jinsinta ba. In jajayen nan sirara masu son ƙazanta sun cika kwano, sauran dangogi sun ɓace, ruwa ya lalace ke nan. Tofazzal ya leƙa kwanonsa na farko ya ga ja wur. Ya yi maza ya rufe kwanon, don matarsa Shefali 'yar lelen Haji ce, gidan da suke ciki ma na Hajin ne.

2. Zama mai tsantseni dare ɗaya

Shugabarsu a ɗakin bincike, Dakta Ferdousi, ta ce, "Tofazzal, dangi ya ishe mu. Ruwa muke dubawa, ba suna za mu raɗa musu ba."

Ya dafe ƙirji. "Haba Yaya! Ni in yi aikin sha-ka-tafi? Sai na san kowace da ubanta."

"Kai da ko tambarin kwalba ba ka liƙawa daidai?"

Kada ka amsa irin wannan. Kafa ido a madubin duba ƙananan halittu ka yi nishi. Mai nishi ba a tambayarsa inda aiki ya kwana.

3. Ƙirga gashi

Jinsi ba ya fita sai an duba gashin jikin tsutsa gaɓa-gaɓa. In ka kusa gamawa, yi atishawa, ka koma farko.

4. Gode wa Allah da marasa kai

Rariya takan guntule wa tsutsa kai, marar kai kuwa da wuya a gane jinsinta. Wannan arziki ne, kar ka zubar. Tofazzal ya tara su a kwalba, ya ce sai wani farfesa na Kolkata ya gani. Farfesan ya yi ritaya, kuma ba ya amsa waya. Nemi irinsa.

5. Riƙe fuska a kan abinci

Haji yana loda masa shinkafa ya ce, "Angon Shefali, ya labarin tsutsotsinka? Ruwana lafiya?"

"Abba, ilimi ba ya son a tsaya masa a ka."

"Ka ji masani! Shefali, ƙara wa mijinki kan kifi."

Ci. Tausayinsa zai kama ka, don tsohon da gaske yake ƙaunarka, amma ka haɗiye da miya.

6. Kar ka tuna da cikowar teku

Mashigin da gona ke zuba datti, daga nan take shan ruwa in teku ta ciko. Wata safiya jatan landen Haji suka taso sama a mace, fari fat, tafki bayan tafki, wari har bakin titi. Haji ya kira Dakta Ferdousi, ta zo ta tace laka a gabansa, Tofazzal yana gefe yana gyaran tabarau.

Haji ya ce, "Dakta, irin wannan ɓarnar, sai an yi shekaru ake gane ta?"

"Mako guda ma ya yi yawa, Haji. Kwanon farko ke nunawa."

Haji ya juyo. Bai ɗaga murya ba, wallahi da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ɗana, da ka faɗa min, da tun bara na gyara magudanar. Kai na zata idona ne a cikin ruwan nan."

A wannan mataki babu dabara. Dubi ƙasa.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a mutuwar jatan lande, ko yajin da Shefali ta yi, ko tabarmar da Tofazzal ya shimfiɗa tsakanin kwalabe a ɗakin bincike. In ka bi ta ɓaci, kai da surukinka ne. Ko biko ba za a raka ka ba.