Muhammad Sani Huɗu, Injin Ban-ruwa Ɗaya

"An riga an ba ka, Baba."

"An ba wa?"

"Kai. Ga shi nan, kwamfuta ta ce Muhammad Sani ya karɓi injin ban-ruwa tun ƙarfe tara da minti goma."

"Ƙarhe tara ina Dandin Mahe ina neman mai mashin. To in na karɓa, ina shike? Zaka ka duba aljihuna."

Abin da kunnena ya fara ci karo da shi ke nan ranar Talata a Boɗinga, a rumfar da Kwamitin Zamanantar da Noman Rani ya kafa don raba wa manoman Boɗinga da Shagari injinan ban-ruwa. Dattijon da ke cewa a duba aljihunsa Baba Muhammad Sani ne, manomin albasa daga Dandin Mahe, kuma mahaifin Zulaihatu, yarinyar da nake nema da aure. A ƙa'ida, in na hango shi a kan hanya, lungu nake shiga. Amma da safen nan Zulaihatu, wadda na taɓa rubuta wa wasiƙa mai shafi goma sha ɗaya ta amsa mini da "Na gani," ta turo saƙo mafi tsawo a tarihin soyayyarmu: "Baba ya tafi Boɗinga karɓar inji. Tun da ka ce ka san kwamfuta, ka je." Na karanta shi sau tara. Na sa kaftanina na Juma'a a ranar Talata.

Ku gane abin da ya kawo Baba. Irin albasarsa ya kwana arba'in da biyar, ya isa dashe, tsohon injinsa kuma ya mutu mutuwar da bakanike ya ce a yi masa addu'a kawai. In sati ya wuce ba a dasa an ba da ruwa ba, iri ya tsufa, noman bana ya tafi. Sunansa na cikin waɗanda za a ba inji, ya cike takarda, ya dangwala yatsa. Sai ga kwamfuta ta ce ya karɓa.

A kan benci kuma ga wasu dattawa biyu daga Mandera sun zabga tagumi. Na gaishe su, na tambayi abin da ya faru. Na farko ya ce sunansa Muhammad Sani, an ce ya karɓa. Na biyu ya ce shi ma Muhammad Sani, shi ma an ce ya karɓa. Wanda ya karɓa da gaske wani Muhammad Sani ne daga Dingyaɗi, wanda laifinsa kawai sammako.

Allah Ya taimake ni, mai zama gaban kwamfutar Ɗahiru ne, ajinmu ɗaya a sakandare.

"Maniru, kai ma inji kaz zaka karɓa? Mi za ka shayar, waƙoƙin soyayya?"

"Rufa mini asiri, Ɗahiru. Surukina na. Bari in leƙa cikin manhajar."

"Leƙawa dai. Taɓawa sai ɗan kwangila, shi ad da mabuɗi."

Na leƙa. Jama'a, na karanta littattafai da yawa da suka sa ni hawaye, amma ban taɓa zaton rubutun kwamfuta zai sa idona ya ciko ba. Hannun da na gani a ciki na san shi. Na Malama Safinatu ne, malamar da ta koya mana kwamfuta ni da Ɗahiru, wadda ta rubuta wa tsohon kwamiti manhajar rijistar manoma shekaru huɗu da suka wuce. Ita ce ɗan kwangilar sabon kwamiti ya shafa wa sabon fenti aka ce sabuwa ce fil.

Bari in yi muku bayani yadda Malama ta yi mana. Mai rubuta manhaja yakan fara ƙera abin da ake kira aji, wato kamar abin buga bulo: ka ƙera shi sau ɗaya, duk bulon da ya fito kamanninsu ɗaya. Malama ta ƙera aji mai suna Manomi, ta sa masa ayyukansa a ciki. Ɗaya daga ayyukan sunansa tantance. Kuma da yake ita 'yar ƙasar nan ce, ta san in ka tsaya kasuwar Shagari ka ƙwala kiran Muhammad Sani, rabin kasuwa zai waiwayo. Don haka tantancewarta ba ta yarda da suna kaɗai: sai ta haɗa da sunan uba da sunan gari, kamar yadda kowace tsohuwa take yi in baƙo ya yi sallama. Ɗan wa? Daga ina?

To in ana son sabon aji, ba sai an fara daga farko ba. Sai a ce wannan ɗiyar wancan ce, ta gaji duk abin da uwar ta iya. Haka ɗan kwangila ya yi, ya ƙera ManominRani a matsayin ɗiyar Manomi. Har nan babu laifi, haka ake so. Amma sai ya so ya ƙara tambaya guda, ko mutum na da gona a fadama. Ya rubuta wa ɗiyar nata aikin, ya sa masa suna tantance shi ma. Ƙa'ida kuwa ita ce, in ɗiya ta yi aiki mai suna irin na uwa, nata ake bi, na uwa ya koma gefe ya yi shiru, sai fa in ita ɗiyar ta kira shi da kanta. Kiran kuwa kalma guda ce, super. Ka rubuta super().tantance(), uwa ta yi nata binciken ta miƙo, ɗiya ta ɗora tambayarta ta fadama a kai. Ɗan kwangila bai kira ba. Ɗiyarsa suna kawai take dubawa da fadama. Sunan uban Baba da garinsa suna nan kwance cikin kwamfutar, lafiyarsu ƙalau, babu mai tambayarsu.

Layi ɗaya! Na ji ƙirjina ya buɗe. Na hango kaina ina gyarawa, Baba ya ɗora inji a mashin, labari ya riga shi isa gida, Zulaihatu ta tsaya bakin zaure, wataƙila har ta rubuto mini layi uku.

Na nufi inda shugaban kwamiti yake zaune, Mai Girma Uban Ƙaddamarwa, Hasken Rumfuna, wanda hotonsa a ƙyallen da aka rataya ya fi hoton injin girma sau shida. Kada ku ce ina zaginsa, ni masoyinsa ne. Mutumin da ya ƙaddamar da rijiyar burtsatse guda har sau uku, don dai ruwan ya saba da jama'a kafin ya fito, ai ya cancanci yabo. Na cire takalmi, na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, na gano matsalar. Gyaran minti biyu na."

"Madalla da matasa! Mi za a yi?"

"Sabuwar manhaja za ta kira tsohuwar, ranka shi daɗe, ta tambaye ta sunan uba da gari."

Murmushin ya ɗauke kamar wutar lantarki.

"Wace tsohuwa?"

"Ta tsohon kwamiti, wadda aka gina wagga a kanta."

"Samari, mu ba mu gina komi kan komi ba. Mun iske ba komi, munka kawo zamani. Kana son a ji cewa kwamitina na tambayar tsohon kwamiti?"

"Ba mai ji, ranka shi daɗe. Cikin kwamfuta za a yi tambayar."

Ya ɗaure fuska. Na ga alamar maganar "ba mai ji" ta fi ɓata masa rai fiye da ta farko. Aikin da ba mai ji, me ya sa za a yi shi? Can sai fuskarsa ta washe.

"Layin ga, in an sa shi, manhaja ta canza ke nan?"

"Ta gyaru, ranka shi daɗe."

"To ta zama Kashi na Biyu! Sakatare, rubuta. Bikin Ƙaddamar da Manhaja Kashi na Biyu, nan da sati ukku. A nemo rumfa babba, a kira masu ɗaukar hoto. Sauran injina a kulle su sito sai ranar. Su kuma Muhammad Sanin nan, dukkansu huɗu, su zo da fararen riguna su jeru, a ga yadda fasaharmu ta rarrabe su."

"Ranka shi daɗe, albasa ba ta kai sati ukku."

"Ita ma a gaya mata ta yi haƙuri, kowa haƙuri shikai."

Na koma wurin Ɗahiru ina roƙo kamar mai neman aure karo na biyu. Ya rantse mini ko harafi ba ya iya canzawa, mabuɗi na hannun ɗan kwangila, ɗan kwangila kuma yana wani otal a wani gari yana koyar da matasa yadda ake rubuta manhaja.

A nan na zauna kan benci, cikin Muhammad Sani uku, na yi tunanin manyanmu. Wallahi wannan ɗiya ta ɗan kwangila ba ta ɗauko halinta a ƙasa ba, a ofis ta tashi. Kowane sabon mai kujera haka yake zuwa: ya gaji ginin, ya gaji motar, ya gaji sunan aikin, sai ya zubar da abin da ke ciki ya rubuta nasa, ba zai taɓa ɗaga waya ya ce wa na jiya, "Don mi kas sa kwalbati nan ba can ba?" Sai damina ta zo ta ba shi amsa. Malama Safinatu tana nan, tafiyar minti goma daga rumfar, tana koyar da 'yan aji biyu. Babu wanda ya tambaye ta don me ta dage sai da sunan uba da gari. Da an tambaya, da ta faɗa kyauta, har ta ba da ruwan sha.

Baba bai yi mini faɗa ba. Wannan ya fi ciwo. Ya dai dube ni, ya dubi kaftanina, ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana." Na taɓa karanta cewa zuciya na karyewa, ranar na ji ƙarar.

Ana haka sai ga mashin ya tsaya, da inji ɗaure a baya. Wani dattijo ya sauko yana faɗa tun daga nesa: an ba shi inji ba a ba shi tiyo ba, sai da ya kai Dingyaɗi ya lura. Ɗahiru ya tambayi sunansa.

"Muhammad Sani."

Dattawan benci suka miƙe tsaye a tare.

"Ashe kai na!" in ji na Mandera na farko. "Kai kac ci rabon mutum huɗu ko gyatsa ba ka yi ba?"

"Ni? Wallahi guda anka ba ni, shi ma ba wutsiya!"

Aka yi masa bayani, ya saurara, ya yi salati, ya ce shi bai iya barci da inji alhali takwarorinsa uku na kallon iri na bushewa. Na Mandera na biyu ya ce shi yana da tiyo, tun bara, injin ne babu. Na farko ya ce ɗansa na da mashin mai ƙarfi. Baba ya shiga lissafi da yatsu, na ji yana cewa albasa in ta sha yau tana iya jiran kwana huɗu.

Ni dai, masu karatu, na je Boɗinga da ilimin zamani don in ceci surukina, na ƙare da riƙe masa takalmi. In Zulaihatu ta tambaye ku, ku ce layin da na gano daidai ne, Malama ma ta tabbatar.

Baba ya gyara hula, ya taka har gaban Mai Girma, bai durƙusa ba, ya ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji:

"Ranka shi daɗe, mun gode da zamani. Tun da na'urarka ta ce mu huɗu mutum guda muke, mun yarda. Injin ga na Muhammad Sani na: gobe shi sha Dandin Mahe, jibi da gata Mandera, citta shi koma Dingyaɗi. Ranar bikinka kuma Muhammad Sani guda za ka gani, kuma ba ni ba ne, ina gona."