Inuwar Malam a Gefen Hoto

"...Lafiya lau. Ya hanya, ya mutanen Dutse? Kai, wannan ramar fa? Gwamnatin ba ta ciyar da ku ne?"

"Ramar so ce, tsohuwa. Tunaninki ne ya hana ni cin abinci."

"Ƙarya kake, rowa ce ta hana ka."

Maharazu ke nan da kakarsa Iya Ikilima, wata Asabar da la'asar a Aujara. Tun da aka mayar da Dutse babban birnin jiha ya sami aikin akawu a can, sai jefi-jefi yake leƙo gida. A zuwansa na baya ta ba shi wani ɗan ƙaramin hoto fari-da-baƙi, wanda aka ɗauka ranar sunansa, ta ce a faɗaɗa mata shi a birni, don idonta ya fara gaza ƙananan abubuwa. Yau ga shi ya dawo da shi cikin gilashi, ya ajiye mata a cinya yana hura hanci.

"Ga kayan zancenki. A faɗa wa samarin garin nan su haƙura, mai ita ya zo."

Iya ta goge gilashin da bakin zani. Ga ta nan zaune da jariri a hannu, ga mata kewaye da ita. Ta bi hoton da yatsa har gefen dama, ta tsaya. Ta juya bayansa ta duba.

"Ina Malam?"

"Wane Malam?"

"Malamai nawa na aura? Kakanka."

Maharazu ya san marigayi Malam Jaji bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba har ya koma ga Allah. Duk dangi sun san haka.

"Iya, Malam da ko mai hoto ya hango sai ya sauya hanya? Mata ne zalla a nan, sai ni, namiji ɗaya tamkar da dubu."

"A gefen nan yake, jikin katanga."

"Au, wannan baƙin tabon? Ai ni na ce wa mai hoto ya yanke shi. Ya ɓata hoton."

Iya ta tafa hannu. "Gyaran gangar Auzinawa! Na aike ka gyaran gira ka tsone ido. Kai dai faɗi gaskiya, kishi ne. Mutum ya rasu ya bar maka mata, inuwarsa ma ba za ka ƙyale ba?"

"Gida ɗaya miji ɗaya. Ni ba na zaman haɗaka."

"Miji! Wanda na yi wa tsarki da hannun nan? Ba ni ƙaramin hotona."

"Ƙaramin? Ina jin shi na naɗe tsire da shi a tashar Jahun."

Ta ajiye gilashin a kan tabarma a hankali, ta zuba masa ido. Nan Maharazu ya gane wasan ya taka inda ba a takawa. Ya yi maza ya zaro ambulan daga aljihun gaba.

"Ga shi, ko lanƙwasa bai yi ba. Ni da takarda ba ta ɓata a hannuna."

Ta fizge. "Ɗan nema. Da ka ga saki uku yau, ni zan ba ka."

Ya matso kusa da ita, don abin ya fara ba shi mamaki. A gefen dama na ƙaramin hoton, ga baƙin nan shimfiɗe a katanga: faɗi daga ƙasa, wani dunƙule a sama ya ɗan karkata. Ba ido, ba hanci, ba komai.

"Tsakani da Allah, Iya, turmi nake gani an ɗora masa tulu."

"Ai dole. Wanda cikinsa ne ubangidansa, ko gajimare ya kalla tuwo zai gani."

Ya karɓa ya kawo dab da hancinsa. Sai baƙin ya watse ya zama ɗigo-ɗigo, turmin ma ya ɓace. Ya miƙa hannu nesa, turmi ya dawo. Ya juya hoton ƙasa a sama.

"Yanzu kuma lema ce."

"Juya min miji daidai, kada jini ya taru masa a ka!"

Ana haka sai ga sallamar mai nono, wata Bafulatana da ta saba shigowa gidan. Maharazu ya ɗaga wa Iya hannu.

"Kada ki ce komai. Ga alƙali Allah ya kawo. Adda, don Allah me kika gani a nan?"

Mai nono ta sauke ƙwarya, ta ƙanƙance ido, ta karkata kai.

"Bijimi ne a kwance. Ga tozonsa."

Maharazu ya faɗi a tabarma yana dariya. "Shekara da shekaru kina ajiyar hoton bijimi a ƙasan adaka!"

"Ke da Allah ɗauki ƙwaryarki, yau ba ma sha," in ji Iya. Mai nono ta fita tana ƙunshe dariya. "Ka gani ko? Ita shanu, kai ciki. Kowa abin da ke ransa yake gani."

"To ai kin yanke wa kanki hukunci, amarya. Ke ma abin da ke ranki kike gani. Ita sa, ni turmi, ke Malam. Wa ya ce naki ne daidai?"

Iya ta karɓi hoton daga hannunsa. Ta daɗe tana duban hoton, har Maharazu ya fara da-na-sanin faɗar maganar. Shi kansa tambayar ta tsaya masa a rai: tabo ɗaya, ido shida, abu uku. Ashe ba ido kaɗai ke gani ba, akwai wani a can ciki da yake ƙarasa zanen.

"In ka hango babarka daga bakin kasuwa ta ba ka baya, kana gane ta?" in ji Iya.

"Ko cikin mata ɗari."

"Da hancinta kake gane ta?"

"Da tafiyarta."

"To tashi. Je ka tsaya can bakin zaure. Katangar nan ce dai, yaɓe kawai aka sake mata, rana ma kusan nan take a ranar."

"Yau kuma wasan 'yar tsana za a yi da ma'aikacin gwamnati?"

"Tashi, ragon miji. Tura hular nan ƙeya. Ƙara. Saki kafaɗar hagu, tun da ya faɗo daga dabino ba ta ƙara daidaita ba. Harɗe hannu a baya cikin riga. Yawwa. Yanzu miƙo wuya ta nan, kamar kana leƙen abin da ka rantse ba za ka kalla ba."

"Me yake leƙe?"

"Kai mana, mummuna. Ya ce shi ba ruwansa da hoto, kuma ba zai zo ganin ɗan ƙwacen mata ba. Ya tafi zaure ya zauna. Da mai hoto ya ce kowa ya nutsu, sai na ga inuwa ta rarrafo a katanga. Ban juya ba, don kada ya ji kunya ya koma. Shi ya sa ka ga ni kaɗai ce nake dariya a hoton."

Maharazu, yana tsaye a karkace, ya saci kallon katanga ta wutsiyar ido. Ga inuwarsa: babbar riga ta baje ta yi faɗi daga ƙasa, kai da hula sun dunƙule a sama sun karkata. Turmi da tulu, sak.

Ya dawo ya ɗauki hoton. Bai ma nema ba. Ga dattijo nan tsaye, kafaɗa ɗaya a sake, wuya a miƙe wajen jaririn. Ya runtse ido ya buɗe, yana ƙoƙarin dawo da turminsa. Ya ƙi dawowa. Ya nemi bijimin mai nono, babu. Duk ta inda ya juya hoton, tsohon yana nan yana leƙensa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ɗazu ba ya nan, yanzu kuma ya ƙi tafiya. Hoton bai sauya ba fa."

"Kai ne aka buɗe wa kai. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau dabino sai dai ya faɗo."

"Ai ba ni na faɗo daga dabino ba, mijinki ne."

"Rufa min baki! Ya faɗo ma ya fi ka kyan tsayuwa."

Maharazu ya yi dariya, ya share gefen idonsa da hannun riga kamar wani abu ne ya faɗa masa. Ya mayar da ƙaramin hoton cikin ambulan.

"Na sallama. Shi ne uban gida, ni ɗan riƙo ne. Litinin zan koma wurin mai hoto a sake wankewa, da Malam ɗinki a ciki."

Iya ta jawo wani kwano daga bayanta, ta buɗe, ta zuba masa dabino cike da tafin hannu.

"Ungo, na itacen da ya kayar da shi ne, ci ka yi hankali. Kuma in ka je, ka ce wa mai hoton ya bar gefen dama yadda yake."

"An gama."

"In kuma dole sai ya yanke wani abu, ga jaririn nan mai ƙaton kai a tsakiya. Shi ya ɓata hoton."