Rasuwar Liba, Mai Sauya wa Jirgi Hanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunya a gefe, Malam Haliru Tsaskiya, tsohon mai juya layi a reluwe, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa Liba, sandar ƙarfen nan da ake ja a sauya wa jirgin ƙasa hanya. Ta cika ranar Talata da la'asar a bakin garke. Kunyar kuwa ita ce, shekara shida da suka wuce ya ɗauko ta daga jujin tasha bai nemi izinin kowa ba. Har yau ba a zo cigiya ba, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo.

Marigayiyar ta yi shekara ashirin da biyu a hannunsa. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta "ƙiii" in an ɗaga ta, sai "gam!" in ta zauna, amma da wannan gam ɗin jirgi mai tarago talatin ke bin inda aka ce ya bi. Aibinta ɗaya: in yashi ya shiga tsakanin ƙarafan layi takan bar kafa kamar faɗin yatsa, yatsa guda kuwa ya isa ya kayar da jirgi. Haliru ya rufa mata wannan asiri da tsintsiya, safe da yamma.

Sai injiniyoyi suka zo da sabon tsari, inji mai lantarki da ke tura layin da kansa, ya kulle, ya kuma shaida wa ofis cewa ya rufu ruf. Ba ya mantuwa, bai san zazzaɓi ba. Aka yi wa Liba ritaya, aka haɗa da mai tsintsiyar.

A Tsaskiya babu layin dogo. Don haka ya kafa ta a mashigar garke, ya ɗaura mata ƙyauren langa-langa: in ya ja, awaki su yi dama, in ya tura, tumaki su yi hagu. Da hankali ya ƙi kwanciya a yankin saboda mahara, matarsa Halima ta koma Katsina wurin 'yarsu, shi ko ya ce ba ya iya tafiya, akwai aiki a hannunsa. Kuma da gaskensa yake. A duk duniya wannan ƙarfe ne kaɗai ya rage da ba ya motsi sai da shi.

Ciwon ajali ya soma da damina, tsatsa ta kama ta a gwiwa. Giris ya ƙare, hanyar Safana kuma ba kullum take biyuwa ba, sai maƙwabcinsa Tayyib makiyayi ya ce a gwada man shanu, tunda yana yi wa gwiwar tsofaffi magani. Haliru, mutumin da ya yi kwas har biyu, ya yarda. Kwana uku ta samu sauƙi. Daga nan awaki suka gano, suka dinga lashe maganin tun bai ratsa ba, ruwa ya samu ƙofa. Ranar Talata ya ja ta, ba ƙiii ba gam. Ta biyo hannunsa.

Ta rasu ta bar Haliru, da tutoci biyu, ja da koriya, da usur wanda ba a busawa don kada gari ya zaci mahara ne. Magajinta na tasha bai aiko da ta'aziyya ba, an ce yana bakin aiki.

Ba za a yi mata salla ba, liman ya yi wa Haliru bayani har sau biyu. Ranar kasuwa za a ɗauki gawar a babur zuwa maƙerar Shafi'u a Safana, inda ake sa ran za ta fitar da fartanya huɗu. Ana karɓar gaisuwa a bakin garke daga hantsi. Tabarma ɗaya aka shimfiɗa, za ta isa.

Halima ta bugo waya ta ce tunda aiki ya ƙare sai ya haɗa kayansa. Ya ce mata tukuna, sai ya ga yadda dabbobi za su yi babu mai juya musu hanya. Yau kwana huɗu ke nan, kullum da yamma awakin na yin dama, tumakin na yin hagu, da kansu.