Farfesa Ƙas a Gadon Bayan Ɗan Lele

Duk wanda bai taɓa ganin Farfesa Ƙas yana duba doki ba, a yi masa jaje, don bai ga ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba. Mutum ne da aka yi wa baiwar hango cuta daga nesa. Doki na can yana cin ciyawarsa lafiya lau, bai kai ƙara wurin kowa ba, sai Farfesa ya ja ya tsaya, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya kamar mai shirin faɗin rasuwa, ya ce, "Wayyo, bawan Allah. Ƙashin bayansa ya goce." Tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa cin karo da dokin da ƙashinsa ke zaune a inda aka halicce shi ba.

Kada mahassada su ce ba shi da tushe. Yana da shi. Shekara da shekaru ya yi yana sayar da katifa a wani babban kanti, a nan ya haddace duk maganar da ake yi wa mai ciwon baya har ya miƙa wuya. Daga nan ya yi wani ɗan kwas ta waya, yana kishingiɗe a kan katifar talla, aka turo masa takardar shaida mai hoton doki ya ɗaga ƙafafun gaba. Farfesancin kuwa shi ya ba kansa, ganin cewa jami'o'i sun cika jan ƙafa.

Laƙabin Ƙas ɗin ma'aikatan barga ne suka liƙa masa. In zai yi aiki, sai ya hau ɗan akwatin katakon da yake yawo da shi, ya ɗora hannun dama a gadon bayan doki, ya cusa na hagu cikin geza, ya lumshe ido, ya danna. Sai ka ji ƙas! Mai doki ya dafe ƙirji don murna. Abin da bai sani ba shi ne, ƙarar daga yatsun Farfesa take fitowa, waɗanda yake lanƙwasawa a ɓoye cikin gashin. Shi doki ba ruwansa, susa ya samu a ɓagas.

Ilimi irin wannan ba ya tsayawa a barga. In matarsa ta yi tari, ƙashi ne ya goce. In ɗansa ya faɗi jarrabawa, ƙashin wuya ne ya danne hanyar lissafi. Baya ɗaya ne kawai a duniya da ba a taɓawa, wato nasa. Tun zamanin ɗaukar katifa kwankwasonsa ke masa ciwo, amma ko man zafi matar ta ɗauko sai ya daka mata tsawa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ana nan sai labari ya zo cewa kulob ɗin masu hawan doki na neman wanda zai riƙa kula da bayan dawakinsu gaba ɗaya, za a ba shi ofis, da suna a jikin ƙofa. Shugabar kulob ɗin, wata dattijuwa mai ƙarancin magana da yawan kallo ta saman tabarau, ta ce sai ya gwada a gaban mambobi tukuna. A kan dokinta kuma za a yi gwajin, wani tsohon ingarma mai suna Ɗan Lele, wanda ya ɗan kwana biyu yana tafiya a takure. Farfesa bai jira gwaji ba. Ya je kantin katifa ya ajiye musu aikin da yake ɗan taɓawa da rana, ya faɗa wa manajan maganganun da ba a komawa bayansu, ya kuma buga wa surukansa waya cewa ofis ya samu. In kujerar nan ta kuɓuce, ba tsuntsu ba tarko.

Ya sa tela ya ɗinka masa farar rigar likita, aka yi masa rubutu da jan zare a baya, manya-manya. Da safiyar ranar yana juyi a gaban madubi, matarsa ta karanta, ta toshe baki.

"Baban yara, ka kuwa duba rubutun nan?"

"Ni na tsara shi."

"Ai keken telan bai sa wa harafin ƙugiyarsa ba. Kwararren Kashin Doki aka rubuta. Kashi fa, na bayan gida."

Farfesa ya dube ta da tausayi. "Matsalarku ke nan ku da ba ku yi zurfi ba. Ƙasashen da suka ci gaba tuni suka daina sa ƙugiya." Ya ɗauki akwatinsa ya fita.

A filin kulob an jera kujeru a inuwa, nesa kaɗan da shinge. Duk inda Farfesa ya juya baya sai murmushi ya bi layin kujerun, shi kuwa ya ƙara buɗe kafaɗa, yana jin daɗin yadda kwarjini ke aiki. Aka kawo Ɗan Lele, ya tsaya yana kora ƙuda da wutsiya. Farfesa ya hau akwati, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, manyan baƙi, doki ba ƙafa ba ne, doki baya ne. Likitocin nan masu allura, me suka sani? Su soka, su tafi. Ni kuwa hira nake yi da ƙashi. Ina taɓa shi sai ya gaya mini damuwarsa, wani ma har da ta iyayensa. Wannan dokin da kuke gani, tun daga bakin ƙofa na ji ƙashinsa yana kirana."

Dokin mai baki ya fi gudu. Aka tafa masa.

Sai dai da ya cusa hannu cikin geza, gabansa ya faɗi. Kujerun sun yi nisa, ga iska, ga hayaniya. Ɗan ƙas ɗin yatsa ba zai kai kunnen Shugaba ba. Ya lanƙwasa ɗaya, ko shi kansa da ƙyar ya ji. Mutane suka zuba ido suna jira. Farfesa ya ga ba makawa sai an ƙara wa aikin armashi. Ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ya murɗa jiki gefe guda, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, ya danno.

Ƙaas!

Har na kujerar ƙarshe ya ji. Fili ya ɗauki tafi. Wata mata ta miƙe tana ɗaukar hoto. Ɗan Lele bai ko ɗaga kunne ba, don ƙarar ba daga jikinsa ta fito ba. Kwankwason Farfesa ne ya riƙe. Wata azaba ta taso masa tun daga ƙugu har ƙeya, ya sandare a duƙe kamar lauje, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Farfesa, an gama?" in ji Shugaba.

"Ana kai, ranki ya daɗe," ya faɗa ta tsakanin haƙora. "Wannan shi ake kira tsayuwar sauraro. Ƙashin ne ke yi mini godiya."

"To sauko mu ga tafiyarsa."

Saukowa kuma ai sai da baya. Ya zuro ƙafa ɗaya a hankali, ya laluba ƙasa, ya zuro ɗayar, har yanzu a duƙe. Ya fara takawa da baya-baya yana murmushin da ya fi kuka ciwo, yana bayanin cewa ƙwararru ba sa miƙewa farat ɗaya don kada ilimi ya zube. Da ya ji zai kife, sai ya kai hannu ya cafki abin da ya fi kusa. Abin da ya fi kusa kuwa wutsiyar Ɗan Lele ce.

Tsohon ingarma ya haƙura da dannawa, ya haƙura da lacca, amma bai ga dalilin haƙura da wannan ba. Da Farfesa ya saki wutsiyar ya juya zai gudu a duƙe, Ɗan Lele ya auna, ya sakar masa kofato ɗaya daidai mazaunai, ba da ƙarfi can ba, irin na gargaɗi. Aka sake jin ƙas. Farfesa ya yi tsalle ya dira, sai ga shi tsaye cak, miƙe sambal. Ya taɓa ƙugu, ya juya hagu, ya juya dama. Ciwon da ya bi shi tun daga kantin katifa babu shi babu dalilinsa. Kafin hankalinsa ya dawo, bakinsa ya riga shi.

"Kai! Wallahi na warke!"

A gaban kowa ya faɗa, da ƙarfi. Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle, har wani ya faɗo daga kujera.

Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta taso a hankali, ta shafa wuyan dokinta, sannan ta dubi Farfesa ta saman tabarau.

"Mun gode, Farfesa, gani ya kori ji. Ashe mai gyaran bayan da muke ta nema yana bargarmu tun tuni. In ciwon ya dawo, ka zo, yana ganin marasa lafiya da safe."